Yini Guda A Hannun Yara

Ɗan'uwana mai karatu, akwai kalmar da muka fi faɗa a kan matattu fiye da masu rai, ita ce hutu. Idan dattijo ya rasu, sai mu ce ya huta. Amma idan magidanci mai jini a jika ya ce zai kwashi iyalinsa su tafi wani gari su huta na kwana uku, sai a dube shi a kaikaice, a ce ko kuɗi ne suka yi masa yawa, ko kuwa ya rasa abin yi. Hutun da muka yarda da shi shi ne na makaranta, shi ma na yara ne. Iyaye kuwa, lokacin ne aikinsu yake ninkuwa.

Ka dubi watan Disamba a gidan mai bi. Ga taron Zumuntar Mata, ga gwajin waƙa kowace yamma, ga taron matasa, ga godiyar kaka, ga aure biyu ko uku da ba za a ce ba a je ba, sannan Kirsimeti, sannan sujadar tsallake shekara. Babu ko ɗaya a cikinsu da zan ce a rage masa daraja. Sai dai ka sunkuya ka dubi watan nan daga tsayin yaro ɗan shekara shida. Abin da yake gani shi ne bayan mahaifinsa yana fita da sassafe da Littafi a hammata, da bayan mahaifiyarsa a bakin murhu tana dafa abincin baƙi. Ana yi masa sabon ɗinki, ana ba shi cinyar kaza, amma da wuya wani babba ya zauna da shi na awa guda ba tare da an aike shi ko an tsawata masa ba.

Iyayenmu a ƙauye ba su san tafiya hutu ba, amma ba su rasa hutu ba. Da zarar an shigar da dawa da acca rumbu, gari yakan lafa. Da farin wata yara suna langa da ɓoyo a dandali, 'yan mata suna gaɗa, manya kuma suna zaune kusa a kan tabarma, suna hira suna kallo. Wani tsoho zai gyara wa yaro motar kara, wata tsohuwa ta tara su ta yi musu tatsuniya. Lilo kuwa igiya ce kawai a reshen mangwaro, wanda ya tura ka yau kai za ka tura shi gobe. Birni ya ci dandalin nan. Mun gina katanga, mun sa ƙofar ƙarfe, muna kulle ta tun magariba, kuma mu da muke zaune a Jos mun san dalilin da ya sa muke kullewa.

Wannan ne ya sa ni da uwargida muka sa asusu a kan kabad tun watan Maris, muna jefa abin da ya samu, har muka fasa shi bayan Kirsimeti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muka bari sai da Sabuwar Shekara ta wuce, cunkoso ya ragu, sannan muka ɗauki hanya ranar Litinin da asuba: mu biyu, da yara uku, da mahaifiyata wadda da farko ta ce ita ba ta ga abin da tsohuwa za ta je yi wurin lilo ba. Muka gangara Hawan Kibo cikin hazo, muka cire rigunan sanyi kafin mu kai Akwanga, muka bi ta Keffi da Mararaba, muka sauka gidan wani ɗan'uwa a Karu. Washegari muka nufi wurin wasan da yake Kukwaba, kusa da babban filin wasa na ƙasa a Abuja, wanda aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland, yanzu kuma ake kiransa Magicland.

Tun a mota uwargida ta kafa sharaɗi uku, ta kuma faɗe su a gaban yara don kada wani ya janye. Na farko, wuri ɗaya za a je a yini, babu tsayawa gaisuwar abokin aiki, babu biyawa kasuwar Wuse. Na biyu, wayata za ta zauna a jakarta har yamma. Na uku, yara ne za su ce a yi nan ko a yi can, mu bin su za mu yi. Ta juyo ta ce, "Baban yara, ka ji ko?" Na ce na ji. Mahaifiyata ta yi dariya daga baya ta ce yau za ta ga yadda ake mulkin yara.

Kafin in kai ka ciki, bari in ba ka labarin da ya sa nake ganin sharaɗi na ukun nan yana da tushe. Mutumin da ya fi kowa suna wajen gina irin waɗannan wurare shi ne Walt Disney na Amurka. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa a ranakun Asabar yakan kai 'ya'yansa mata biyu wurin dawakan juyi a lambun Griffith da yake Los Anjalis. Su suna kan dawaki, shi yana zaune a benci yana cin gyaɗa. A kan bencin nan ya fara tunanin ya kamata a sami wurin da iyaye da yara za su yi wasa tare, ba ɗaya yana wasa ɗaya yana gadi ba. Daga wannan tunani aka gina Disneyland, aka buɗe shi a Anahaim ta jihar Kalifoniya a watan Yuli na 1955. Abin da ya biyo baya kasuwanci ne mai girman gaske, kuma ban zo yabon kasuwancin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne uban nan a kan benci, wanda ya gane cewa kawo yaro wurin wasa daban, yin wasa da shi daban. Yawancinmu a benci muke tsayawa, mu riƙe takalma da gorar ruwa, muna duban agogo.

Da muka shiga, autarmu, mai shekara biyar a lokacin, ba ta ko kalli manyan injunan ba. Dawakan juyi ta nufa, ta zaɓi wani fari mai jan linzami, ta hau. Aka juya, aka tsaya, ta sauko, ta sake shiga layi. Da ta zo ta tarar wani yaro ya riga ta hawa farin, sai ta ja da baya ta ce za ta jira. Sau biyar ta hau dokin nan guda. Duk zagayen da ya kawo ta gabana sai ta ɗaga hannu, kuma dole in ɗaga nawa, in ban ɗaga ba sai ta kira ni da ƙarfi. Na lura duk yaran da suke kan dawakan haka suke yi. Babu wanda yake kallon gabansa. Kowa yana neman fuskar nasa a cikin taro, ya same ta, ya ɓace mata, ya dawo ya sake samunta a inda ya bar ta. Ina tsammani rabin daɗin dawakan juyi ke nan: ka tafi, ka dawo, ka tarar ba a tashi ba.

A gefenmu akwai wani bawan Allah da 'ya'yansa huɗu. Da gani ya yi ɗawainiya kafin ya kawo su, kuma ya ƙudura sai kuɗinsa sun fita. Da sun sauko daga wannan sai ya tasa su gaba zuwa wancan, yana ƙirga abin da ya rage da yatsa. Ƙaraminsu ya tsaya kallon ƙadangare a gindin wata bishiya, uban ya fizgo shi ya ce ba ƙadangare ya biya kuɗi a zo a kalla ba. Kafin azahar biyu daga cikinsu suna kuka, shi kuma fuskarsa kamar wanda aka ci bashinsa. Ban ga laifinsa ba, don na san zafin neman kuɗi. Amma lissafin kasuwa ba ya aiki a nan. A kasuwa, wanda ya fi ɗebo kaya shi ya ci riba. A wurin wasa, yaron da ya hau abu uku cikin natsuwa ya fi wanda aka kora ta kan goma komawa gida da abin tunawa. Gaggawar da muke gudu daga gare ta, idan ba mu yi hankali ba, mu muke ɗauko ta a aljihu mu shigo da ita, har mu biya mata kuɗin ƙofa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Babban ɗanmu an haife shi a makonnin da suka biyo bayan rikicin Jos na Nuwamba 2008. Yana goye aka yi na Janairu 2010. A watan Agusta na 2021, 'yan watanni kafin tafiyar nan, ya sake kwana da yini a kulle cikin gida saboda dokar hana fita, wannan karon da wayonsa sarai. Yaro ne mai shiru. Idan taya ta fashe a titi, shi ne na farko da yake duban fuskata. Ya san a ina ake ajiye takardun gida, ya san ta wace ƙofa za a fita. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa waɗannan. Ya tsince su ne daga raɗar da muke yi da dare muna tsammani sun yi barci. Kai ma idan ka yi renon yara a garuruwanmu, daga Filato zuwa kudancin Kaduna zuwa Adamawa da Borno, ka san irin yaron da nake nufi. Wataƙila yana gidanka.

Shi ne ya nuna jirgin nan mai hawa da gangara a kan dogo, ya ce, "Baba, mu je." Muka shiga layi. Ina kallonsa yana karanta injin da ido. Na gaya masa abin da na sani: irin wannan jirgi ba shi da inji a jikinsa. Ana jan shi ne a hankali zuwa tudun farko, wanda ya fi sauran tsawo, daga nan a sake shi, nauyinsa ne yake kai shi har ƙarshe. Shi ya sa kowane tudu na gaba yake kasa na farko. Ƙafafunsa kuma sun riƙe dogon ta sama da gefe da ƙasa, ba zai tashi daga kai ba. Ya saurara, ya ce, "Wato tun kafin mu hau an san inda zai tsaya?" Na ce an sani.

Aka sauke mana ƙarfen kariya a cinya. Hawan farko yana da wani ƙaras-ƙaras mai sa cikin mutum ya ɗuri ruwa, kuma ba zan ɓoye maka ba, nawa ya ɗura. Da muka kai ƙololuwa na hango duwatsun Abuja cikin hazo na ƙiftawar ido, sai ƙasa ta janye. Na ji wani ihu a gefena wanda ban taɓa jin irinsa daga bakin yaron nan ba. Ihu ne da dukan ƙirji, baki buɗe, idanu a rufe, yana dariya a cikinsa. Shekara goma sha uku ana koya masa cewa idan tsoro ya zo a yi shiru, a kashe fitila, kada a yi motsi. Ga shi yau an ba shi tsoron da aka yarda ya yi masa ihu, tsoro mai ɗamara, mai farko da ƙarshe, wanda idan ya wuce ana saukowa da ƙafa a sayi ruwan sanyi. Da jirgin ya tsaya, hannunsa yana rawa, ya ce, "Baba, ashe kai ma kana ihu." Na ce ina yi mana. Sau uku muka hau. A na ukun ya saki ƙarfen ya ɗaga hannuwansa sama.

Ban ce jirgin wasa yana warkar da abin da rikici ya bari a zuciyar yaro ba. Wannan aiki ne mai tsawo, na addu'a da magana da haƙuri, wani lokaci har da taimakon waɗanda suka koyi aikin. Amma jiki magayi. Akwai abin da jikin yaro yake bukata ya koya wanda wa'azi ba ya kaiwa gare shi: cewa zuciya tana iya bugawa da ƙarfi ba tare da wani mugun abu ya faru ba, kuma babban da yake gefensa yana iya jin tsoro ya kuma yi dariya.

Ta tsakiyarsu kuwa motocin karo ta zaɓa. Nan ne kaɗai wurin da na sani a duniya inda 'ya za ta auna mahaifinta da gangan, ta banke shi, ya kuma yi mata tafi. Ta yi ta farautata daga kusurwa zuwa kusurwa, yayanta yana tare mini hanya. Na san akwai dattawa a cikinmu da za su ce irin wannan wasa yana jawo raini, uba ya kamata ya riƙe girmansa. Ina girmama masu wannan ra'ayi, don da shi aka rene mu. Amma na ga gidajen da uba ya riƙe girmansa har ya tsufa, 'ya'yansa suna durƙusa masa, ba kuwa wanda yake iya gaya masa abin da yake damunsa. Yarinyar da ta banke ni da motar wasa ita ce dai ta durƙusa ta miƙo mini ruwa da yamma. Babu abin da ya ragu. Daga baya ta hau jirgin ruwa mai lilo, ta zauna kusa da wata yarinya mai hijabi da ba ta taɓa gani ba. Da jirgin ya yi sama, na ga sun ƙanƙame hannun juna. Da suka sauko, mahaifin yarinyar ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce daga Zariya suke. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan, kuma ya isa.

Mahaifiyata ba ta hau komai ba. Ta sami benci a inuwa, ta jingine sandarta, ta zama ma'ajiyar takalma da huluna. Amma ita ba zaman gadi ta yi ba. Duk wanda ya sauko wurinta yake rugawa ya ba da labari, ita kuma tana tambaya dalla-dalla, tana kama baki, tana cewa, "Kai, jikana, ba ka faɗo ba?" Har yaran da ba namu ba suka riƙa zuwa. Ina kallonta sai na tuna da annabi Zakariya. A sura ta takwas, da yake kwatanta yadda Urushalima za ta zama idan Ubangiji ya komo mata da salama, bai fara da hasumiya ko rundunar yaƙi ba. Ya zana tsofaffi maza da mata zaune a dandalin birni, kowa da sandarsa saboda yawan shekaru, da yara maza da mata cike da tituna suna wasa. Mutanen da ya yi wa magana sun dawo daga bauta, sun tarar da kufai, sun san tsoro kamar yadda muka san shi. Mu da muke roƙon salama kowace Lahadi, ya kamata mu iya gane kamanninta idan ta ratsa ta gabanmu, ko da na yini guda ne, ko da a bayan shingen da aka biya kuɗi aka shiga.

Maganar kuɗin nan ba zan tsallake ta ba, don na san wanda yake riƙe da littafin nan wataƙila kuɗin makarantar zango na biyu yake tunani. Irin wannan tafiya tana cin kuɗi: mota, da kuɗin shiga, da na kowane abin hawa, da ƙananan abubuwan da yara suke nunawa da yatsa. Mu wata tara muka yi muna tarawa, ba mu kuma kama ɗaki a otal ba. Ba zan ce kowa ya yi ba, kuma wanda zai ci bashi ya je, gara ya zauna. Amma ka san abin da ya faru a rana ta biyu? Muka tafi lambun Millennium da yake Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamba 2003, muka shimfiɗa tabarma a kan ciyawa. Uwargida ta buɗe kwanon soyayyen dankalin da muka taho da shi daga Jos, da zoɓo. Yara suka yi ta gudu a gefen ruwa, ni na kwanta rigingine na yi barci har da minshari, in ji su. Babu inji ko ɗaya a wurin, kuma da aka tambaye su a mota wace rana ta fi daɗi, sai gardama ta kaure, ba a kuma raba ta ba har muka isa Karu. Na Jos suna da gandun namun daji da aka kafa tun 1972 da gidan zu na kusa da gidan tarihi. Na Kaduna suna da lambun Gamji a bakin kogi. Wanda ba ya kusa da ko ɗaya yana da gindin dutse ko bakin rafi. Sharuɗɗan uwargida uku ba su da kuɗin ƙofa.

Ga ma'aikatan ikilisiya kuwa, fastoci da dattawa da shugabannin ƙungiyoyi, ina da kalma guda ta musamman, don 'ya'yanku ne suka fi kowa ganin bayanku. A Markus sura shida, manzanni sun dawo daga aikin wa'azi, jama'a suna ta kaiwa da komowa har ba su sami zarafin cin abinci ba. Ubangiji da kansa ya ce su keɓe su huta kaɗan, alhali bukatar jama'a ba ta ƙare ba. Ba ta taɓa ƙarewa. Da na karɓi wayata daga jakar uwargida da yammacin Talatar nan, na tarar da kira goma sha ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu gaisuwar Sabuwar Shekara ce, sauran kuma tambayar mabuɗin ɗakin ajiya, wanda kafin in kira an riga an same shi a wurin mai gadi.

Da muka komo gida, auta ta tara yaran unguwa a ƙofar gida tana ba su labarin farin dokinta. A cikinsu akwai ɗan maƙwabciyarmu, gwauruwa, wanda mahaifinsa ya fita wata safiya a lokacin tashin hankali bai dawo ba. Ya tsaya a baya yana saurare, bai ce komai ba, sai can ya tambaya ko dokin yana cin ciyawa. Da dare babban ɗana ya same ni a falo ya ce idan za a sake zuwa, shi zai iya zama a gida a ba yaron kujerarsa. Uwargida ta ce ba sai an kai ga haka ba, motar tana ɗaukar mutum bakwai idan auta ta zauna a cinyar kakarta. Washegari ta sayo sabon asusu a kasuwar Terminus, wanda ya ɗan fi na bara girma, ta kuma je ta yi magana da mahaifiyar yaron.